Yadda Ake Kai Maganar Jarrabawa da Kuɗinta Gaban Majalisa a Zamfara

A shekarun da na yi ina koyarwa a sakandare, da waɗanda na yi bayan ritaya ina cikin ƙungiyar iyaye da malamai ta unguwarmu a Gusau, babu ƙorafin da na ji ya kai na jarrabawa yawa, kuma babu wanda ya kai shi saurin mutuwa a bakin ƙofa. Uba zai sayar da buhun gero ko tunkiya ya biya kuɗin rajista, yaro ya zauna ya rubuta, sannan a wayi gari a ce an riƙe sakamako, ko kuma a ce tun farko sunansa bai hau ba. Sai a yi ta maganar a majalisar bakin titi bayan sallar la'asar har ta huce, alhali akwai wata majalisar da kundin tsarin mulki ya ɗora wa aikin bin sawun wannan kuɗi, kuma mu ne muka zaɓi mutanen da ke zaune a cikinta. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da mai ƙorafi zai bi ya kai maganarsa can, da abin da zai riƙe a hannu, da abin da ya kamata ya sa rai da shi idan ya je.

Wanda bai san ƙarfin da majalisa take da shi ba zai shiga ne kamar mai bara, don haka daga nan za a fara. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 128 da na 129, ya ba majalisar dokokin jiha ikon bincikar duk wani mutum ko ma'aikata ko hukuma da aka ɗora wa aiwatar da dokar da ta yi ko kashe kuɗin da ta ware, kuma ya faɗi dalilin ikon ƙarara, wato domin ta gyara dokokin da suka sami tawaya, ta kuma fallasa cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Tana iya kiran mutum ya ba da shaida bisa rantsuwa, ta umarce shi ya zo da takardun da ke hannunsa, idan kuma ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba ta ba da sammacin a kawo shi, 'yan sanda su aiwatar. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Tarayya irin wannan iko a kan hukumomin tarayya. Sai dai ikon ya tsaya ne a kan bincike da fallasawa da ba da shawara, domin majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa, ba ta kuma ƙwato kuɗi da hannunta. Wanda ya fahimci wannan tun farko ba zai karaya ba idan ya ga zaman ya ƙare ba a tafi da kowa gidan yari ba.

Daga nan sai a tantance ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin a nan ne mutane da yawa suke ɓata wata da watanni. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta ƙasashe biyar ce na Afirka ta Yamma. NECO an kafa ta a 1999, hedikwatarta na Minna, JAMB kuma tun 1978 take, ga NABTEB ta makarantun fasaha da NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Duk abin da ya shafi farashin da waɗannan hukumomi suka yanka, ko tsarin da suka fito da shi, ko kuskuren da suka yi wajen maki, maganar Abuja ce, kuma Zamfara tana da sanatoci uku da 'yan Majalisar Wakilai bakwai da za a bi ta hannunsu. Amma kuɗin da gwamnatin jiha ta ware don biya wa ɗalibai rajista, da jarrabawar tantancewa da ake yi kafin a biya wa yaro, da ginin ɗakunan kwamfuta da kuɗin jiha, da abin da wani shugaban makaranta ko malamin jarrabawa ya karɓa a hannun iyaye, duk waɗannan na majalisar dokokin jiha ne da ke Gusau, mai mambobi 24. Akwai matsalar da take da ƙafa a nan da ƙafa a can, irin wannan sai a rubuta takarda biyu, kowace a tsaya a kan abin da ya shafi majalisar da aka aika wa.

Kowa a jihar nan ya san shekarun da aka riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnati saboda bashin kuɗin rajista da hukumomin jarrabawa suke bin jiha, har gwamnatin da ta hau a 2023 ta sanar da biyan bashin, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen wannan shekarar. An biya kuɗi, amma shekarun da yaran suka yi a zaune babu mai biyansu, wasu 'yan matan an aurar da su, wasu samarin sun kama acaba ko sun tafi haƙar ma'adinai ba su sake waiwayar biro ba. A ganina, da tun a shekarar farko iyaye sun taru sun kai takarda suna tambayar nawa aka ware, nawa aka saki, nawa ya isa hannun hukumar jarrabawa, da bashin bai taru ya kai inda ya kai ba. Wannan tambaya mai rassa uku ita ce ƙashin bayan duk wani koke a kan kuɗin jarrabawa, zan kuma dawo kanta.

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya, sai an tara shaida, kuma shaidar da majalisa take aiki da ita takarda ce. Wata shekara wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta yi mini sallama da sassafe, 'yarta na biye da ita kai a sunkuye. Ta ce, “Malam, na biya kuɗɗin ɗiyata tun da rani, yanzu an ce babu sunanta.” Na ce, “Hajiya, ina rasit?” Sai ta kwance bakin mayafinta ta fiddo wata 'yar takarda da aka yago daga littafin rubutu, an rubuta adadin kuɗin da jan biro, babu sunan wanda ya karɓa, babu kwanan wata, babu hatimin makaranta. Kuɗin adashinta ne na wata takwas. Da wannan takarda kaɗai babu inda za mu je, domin wanda ya karɓa zai iya cewa bai taɓa ganinta ba. Abin da ya cece mu shi ne wani uba da abin ya shafa shi ma, wanda ya tura nasa kuɗin ta waya, saƙon banki yana nan da sunan mai asusun da ranar da sa'ar. Da aka haɗa nasa da nata da na sauran iyaye, sai magana ta tsaya da ƙafafunta. An mayar mata da kuɗinta daga baya, amma yarinyar ta rasa shekarar.

Saboda haka duk mai biyan kuɗin jarrabawa ya nemi rasit mai hatimi, ko ya biya ta banki ya adana saƙon, ya kuma nemi takardar shaidar rajista mai ɗauke da hoton yaron da lambarsa kafin a rufe rajista. Idan matsala ta riga ta faru, a nemi sauran waɗanda ta shafa, kowa ya kawo abin da ke hannunsa, a yi hoton kowace takarda, a ajiye na asali a gida. Kada a taɓa miƙa takarda ta asali ga kowa, ko da ɗan majalisa ne, sai dai a nuna masa ya gani a dawo da ita. Wanda ba shi da takarda amma ya ga abin da idonsa, a rubuta bayaninsa da rana da wuri, a karanta masa ya saurara, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Yanzu mu koma kan lissafin gwamnati, wanda mutane suke tsoro ba gaira ba dalili. Jihohi suna wallafa kasafin kuɗinsu na shekara a intanet, tare da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk bayan wata uku, kuma duk wani matashi mai waya zai iya sauko da su. A buɗe ɓangaren ma'aikatar ilimi, a nemi layin kuɗin jarrabawa, a rubuta adadin da aka ware, sannan a duba rahoton aiwatarwa a ga abin da aka ce an kashe. Lamba ta uku, wato abin da ya shiga asusun hukumar jarrabawa da yawan ɗaliban da aka biya wa, ita ce ba a cika samu a fili ba, ita ce kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 take ba kowa damar nema. Dokar ta ce a ba da amsa cikin kwana bakwai, ba ta wajabta wa mai nema ya faɗi dalilinsa ba, kuma idan an hana shi yana da kwana talatin ya garzaya kotu. An daɗe ana jayayya ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025 cewa ta hau. Wasiƙar gajera ce: a nemi jerin makarantu da yawan ɗaliban da aka biya wa a kowace, da farashin kowane ɗalibi, da ranar biya, da kwafin takardar shaidar biyan.

Idan waɗannan lambobi sun zo hannu, sauran aikin lissafin firamare ne. A ninka farashi da yawan ɗalibai a ga ko ya yi daidai da abin da aka ce an fitar. A ɗauki makaranta ɗaya da aka sani ciki da waje, a gwada adadin da aka rubuta mata da rajistar ajin ƙarshe. Idan, a misali, takarda ta ce an biya wa ɗalibai 400 alhali rajistar aji ta nuna 250, to akwai 150 da wani zai yi bayaninsu, ko sunayen bogi ne, ko kuma 'yan waje ne da aka karɓi kuɗinsu aka cusa su cikin jerin da gwamnati ta biya wa. Wannan hanya ta biyu ita ta fi ciwo, domin sau da yawa ɗan talakan da ya shekara shida a makarantar shi ake cirewa a sa wanda ya biya. Mai ƙorafi ba sai ya san wanne daga ciki ya faru ba. Ya isa ya nuna giɓin, ya roƙi kwamiti ya kira masu riƙe da takardun.

Ita takardar koken ana rubuta ta ne zuwa ga kakakin majalisa da sauran mambobi, ta hannun ɗan majalisar da zai gabatar da ita a zaure. A fara da bayanin su wane ne masu koken da inda suke, sannan a jero abin da ya faru bi da bi da kwanan wata, kowace magana a nuna takardar da ta tabbatar da ita, a sa wa takardun lamba a liƙa su a baya. Harshen ya kasance na ladabi. Kada a kira kowa ɓarawo ko maciyin amana, domin wannan hukunci ne da ba na mai koke ba, kuma kalma ɗaya ta zagi tana iya sa a ajiye takardar gaba ɗaya, ko ta buɗe wa wanda ake ƙara ƙofar shigar da ƙarar ɓata suna. A ce kawai an karɓi kaza a rana kaza, ga shaida, ba a yi rajista ba. A ƙarshe a faɗi abin da ake roƙo dalla-dalla: a gayyaci wane ofishi, a umarce shi ya kawo wace takarda, a mayar wa iyaye kuɗinsu, a miƙa abin da aka gano ga hukumar da ke da ikon gurfanarwa. Koken da ya ƙare da “a duba lamarin” kawai ya ba kowa damar cewa ya duba.

Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya ce da Turanci ake gudanar da aikin majalisar jiha, amma tana iya ƙara wani harshen jihar idan ta amince, don haka abin da ya fi shi ne a rubuta da Hausa yadda kowane mai sa hannu zai fahimci abin da ya sa wa hannu, sannan a haɗa da fassarar Turanci da wani amintacce ya yi. Sunayen yara kuma, musamman 'yan mata, kada a zuba su cikin jikin koken da za a karanta a bainar jama'a. A sa su a wata takarda daban da za a ba kwamiti. Idan an riga an kai maganar kotu, majalisa ba za ta taɓa ta ba har sai an gama shari'a, saboda haka sai a zaɓi hanyar da za a fara bi tun kafin a motsa.

A yi kwafi aƙalla huɗu. Ɗaya na ɗan majalisar mazaɓa, ɗaya a kai ofishin akawun majalisa a tsaya har a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida, ɗaya na shugaban kwamitin ilimi, ɗaya na shugaban kwamitin da ke bin asusun gwamnati. Wannan kwamiti na ƙarshe mutane ba su san darajarsa ba. Sashe na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa, ita kuma ta ba wannan kwamiti ya duba, don haka idan rahoton ya taɓa ambaton kuɗin jarrabawa da ba a yi bayaninsu ba, mai koke ya kawo shafin, ya sami shaidar da ba shi ya ƙirƙira ba. Idan ɗan majalisar mazaɓa ya yi ta jan ƙafa, babu laifi a nemi wani mamba ya gabatar. Kuma a yi ƙoƙari masu sa hannu su fito daga jam'iyyu daban-daban, da limami da mai unguwa da mata a ciki, domin da zarar an shafa wa koke launin jam'iyya, rabin zauren ya toshe kunne tun ba a karanta ba.

Wannan duk a kan kuɗin da ya riga ya salwanta ne. Akwai kuma aikin da ya fi shi muhimmanci a yanzu, wato sa baki a kan sauyin da ake yi wa jarrabawar kanta tun kafin ya kankama. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. WAEC ta fara gwadawa da masu rubutawa daga waje a farkon 2024, sannan ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa ana son WAEC da NECO su koma kwamfuta baki ɗaya a 2026, abin da ya sa Majalisar Wakilai a ƙarshen 2025 ta nemi a jinkirta zuwa 2030 don a shirya makarantu. Dalilin sauyin ba abin rainawa ba ne. Duk malamin da ya taɓa sa ido a ɗakin jarrabawa ya san yadda tambayoyi suke fita tun da dare, ya san cibiyoyin da ake kira mirakul santa inda ake rubuta amsa a allo, ya kuma tuna watan Mayun 2025 lokacin da ɗalibai a wurare da dama suka rubuta takardar Turanci cikin dare da fitilar waya saboda tambayoyin sun fita an tsaya sauya su, har kwamitin Majalisar Wakilai ya gayyaci shugabannin WAEC. Ni ina goyon bayan duk abin da zai sa yaro ya ci da guminsa. Amma kwamfuta ma tana kuskure: a 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, sai da aka sake musu jarrabawa.

Idan hakan ta faru a Legas, dole ɗan Zamfara ya yi tambaya. Na taɓa raka wani ɗan ƙanena da ya taso a ƙauye zuwa wurin koyon kwamfuta ana saura mako biyu ya rubuta JAMB. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ya haddace Alƙur'ani, lissafi kuma ba ya ba shi wahala. Da aka zaunar da shi, sai ya kama linzamin kwamfutar da hannu biyu kamar mai riƙe da ɗan tsako, yana ɗaga shi sama yana mamakin yadda kibiyar ta ƙi motsi, gumi na zuba a goshinsa. Ya juyo ya ce, “Baba, in na taɓa ba daidai ba, gogewa za ta yi duka?” Cikin kwana uku ya saba, domin abin ba wuya gare shi ba, amma da a ɗakin jarrabawa ya fara ganinta, da rabin lokacinsa ya tafi wajen tsoro. Jarrabawar JAMB zama ɗaya ce. Ta WAEC makonni ake yi ana rubuta ta, darasi takwas ko tara, da rubutun insha'i da gwajin kimiyya da zane.

Idan majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, wanda akan yi bayan ƙudirin doka ya tsallake karatu na biyu ko idan kwamiti na bincike, ana sanarwa a jarida da rediyo a nemi masu ruwa da tsaki su aiko da bayaninsu a rubuce. A nan ne ƙungiyar iyaye ko ta tsofaffin ɗalibai za ta shiga, kuma abin da zai ba takardarta nauyi shi ne ƙidayar da ta yi da ƙafarta. A zaga makarantun ƙaramar hukuma, a ƙirga kwamfutocin da suke tashi idan an kunna, ban da waɗanda ke jibge a sito ƙura ta rufe, a rubuta ko akwai wutar sola ko janareto da wanda ke sayen mai, a rubuta yawan 'yan ajin ƙarshe da yawan malaman da suka iya koyar da na'urar. Makarantar da ke da ɗalibai 300 da kwamfuta 40 sai ta yi zama takwas kafin kowa ya rubuta takarda ɗaya, kuma kwamiti yana bukatar ya ji wannan lissafi daga bakin wanda ya ƙirga. A auna nisan da ke tsakanin makarantar da cibiya mafi kusa, a faɗi halin da hanyar take ciki. Ɗalibin Dansadau ko Zurmi ko Shinkafi da za a ce ya riƙa zirga-zirga zuwa gari har tsawon makonni, wa zai ɗauki nauyin motarsa da masaukinsa da tsaronsa? Uban da ya tuna 'yan mata 279 da aka sace a Jangebe a watan Fabrairun 2021 ba zai saki 'yarsa ta kwana a wani gari ba sai an ba shi amsa mai gamsarwa. A kuma tuna wa kwamiti cewa a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda tsaro, a tambaya wane tanadi aka yi idan irin haka ta faɗo a tsakiyar jarrabawa.

Tambayar kuɗi ba ta rabuwa da tambayar sauyi, domin kowane sabon tsari yana zuwa da sabuwar kwangila da sabon kuɗin da za a ɗora wa iyaye. A nemi kwamiti ya sa a bayyana wanda aka ba kwangilar sayen kwamfutoci, da farashin kowace, da ko an yi tallar kwangilar a fili, da wanda ya sa hannu cewa kayan sun iso, sannan 'yan kwamitin su je da kansu su kunna su. A nemi a rubuta a fili iyakar abin da cibiya mai zaman kanta za ta karɓa, don kada a wayi gari da kuɗin koyo da kuɗin mai da kuɗin kujera. Tarihin hukumomin jarrabawa ya isa ya sa a yi wannan taka-tsantsan. A 2018 ne wata ma'aikaciyar JAMB a Makurdi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 na kuɗin katin da ake sayarwa a hannu, a 2021 kuma hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da wani tsohon magatakardan JAMB bisa zargin almundahanar sama da naira biliyan 5. Duk inda kuɗi ke bi ta hannu ba ta banki ba, a nemi a toshe wurin a cikin dokar kanta.

Ranar zaman, a je da wuri, a zaɓi mutum ɗaya ko biyu su yi magana, kuma idan maganar ta shafi makarantar 'yan mata, mace ta kasance cikinsu. Lokacin da ake bayarwa kaɗan ne, don haka bayan an ce “Mai girma shugaban kwamiti” an gabatar da kai, sai a tafi kai tsaye ga lambobi da roƙo, a bar dogon yabo. Abin da aka tambayi mutum bai gani da idonsa ba, ya ce bai gani ba, domin shaida ce da za a rubuta, kuma ƙarin gishiri ɗaya da aka kama yana zubar da sauran gaskiyar. A rubuta duk alkawarin da jami'in gwamnati ya yi a wurin, da ranar da ya ɗiba.

Inda shaida ta nuna an ci kuɗi ƙarara, ba sai an jira majalisa ta gama ba. Ana iya kai kwafin takardun ga EFCC, wadda ofishinta na Sakkwato ke kula da Zamfara da Kebbi, ko ga ICPC, wadda aka kafa a 2000 musamman don cin hanci a ma'aikatun gwamnati, kuma dokarta ta tanadi ɓoye sunan mai ba da bayani, kamar yadda ta tanadi hukunci ga wanda ya kai ƙarya da gangan. Game da satar amsa kuwa, Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta yanka wa shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido da aka kama da hannu ɗaurin shekara huɗu babu zaɓin tara, yaron da bai kai shekara 18 ba kuma tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba. Iyaye su san wannan kafin su ba da kuɗin “taimako”, domin wanda ya biya don a ba ɗansa amsa ba zai iya tsayawa gaban kwamiti yana ƙarar wanda ya karɓa ba. Malamin da ke cikin aiki kuma yake tsoron a yi masa canjin wuri na horo, ya ba da takardun ta hannun ƙungiya, sunan ƙungiyar ya fito a maimakon nasa.

Bayan zaman, kwamiti zai rubuta rahoto ya ajiye a gaban majalisa, a yi muhawara, a zartar da matsaya. Matsayar shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba ta da ƙarfin doka, don haka sai an bi ta. A koma ofishin akawu a nemi kwafin rahoton da takardar bayanin zaman ranar, a kai wa gidajen rediyo su karanta, a rubuta wa ma'aikatar da abin ya shafa ana tambayar inda aka kwana. Lokacin da ya fi dacewa a sake tayar da maganar shi ne ƙarshen shekara, sa'ad da kwamishina da manyan ma'aikatansa suke zuwa gaban kwamiti don kare kasafin baɗi, domin a ranar ne suke neman sa hannun majalisa, kuma ɗan majalisar da aka ba tambaya a rubuce zai iya yin ta a wurin. Wa'adin majalisa shekara huɗu ne, abin da ba a kammala ba yakan faɗi tare da ita, sai an sake gabatarwa ga sabuwa. Saboda haka fayil ɗin ya kasance kwafi biyu a hannun mutum biyu daban, da hotonsa a waya, kuma duk shekara idan an zaɓi sababbin shugabannin ƙungiyar iyaye a miƙa musu shi a gaban taro, a karanta musu ranar da aka kai koken da ranar da ya kamata a koma.